Katangar da Na Rage wa Mutum Biyu

Har yau in na ga ƙanena yana ɗaga buta da hannun hagu, kawar da kai nake yi.

A waya muka koyi ƙwallon Amurka, mu 'yan unguwar Misfala a Makka, muka riƙa buga ta ranar Juma'a bayan la'asar a wani fili da ke bayan tashar motocin Kudai. Ba hular kwano, ba komai, sai ƙarfin hali. Mutum biyar ne ke jeruwa su yi katanga, mai jifa yana bayansu, abokan karawa kuma su nemi fasa katangar su kayar da shi kafin ya jefa. Ƙanena ne mai jifanmu. Ni kuma ina ƙarshen katanga ta hagu, ɓangaren da yake juya wa baya in zai jefa. Bayansa amanata ce.

Sai 'yan Kudai, abokan karawarmu, suka samo wani ƙaton ɗan dako, wanda aka ce buhu bibbiyu yake saɓawa a Mina lokacin Hajji. Aikinsa ɗaya, ya kai ga mai jifa, kuma ta kaina zai bi. Ranar farko sau uku yana shimfiɗe ni. Na ci ƙasa, wallahi, har tsakanin haƙorana, 'yan kallo suna ta shewa.

Juma'ar da ta biyo na zo da takarda, na yi zane. Na ce sabon tsari na gano: mutum biyu daga cikin biyar su koma can gefen fili, a bar uku a tsakiya. Wai za su rikice, ƙaton ya biyo mu gefe. Na yi ta zuba kamar wani koci. Su wa za su koma gefen? Ni da wani, mana.

Ƙanena ya daɗe yana duban takardar. Ya ce, "Yaya, to bayana fa?"

Na daka masa tsawa. "Kai za ka koya mini ƙwallo? Ka jefa da wuri, halas, shi ke nan!"

Ƙaton ko kallon inda nake bai yi ba. Ya bi ta gurbin da na bari, ba wanda ya taɓa shi. Daga can gefe, jikina tas ba ƙura, na ji ƙarar kafaɗar ƙanena.

Saura mako uku Hajji. Sana'ar ƙanena tura tsofaffin alhazai a keken guragu, kuma abin da ya samu a wannan lokacin shi gidansa ke ci har shekara ta zagayo. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, don haka asibiti ba ta taso ba. Wajen wani mai ɗori muka kai shi a unguwa. Alhazai suka zo suka tafi yana zaune a ɗaki, hannun dama a rataye, kuma kafaɗar ba ta koma daidai ba.

Na yi ta gaya wa mutane tsarin ne bai karɓe mu ba. Kunya ta hana ni zuwa gidansa sai bayan Sallah. Matarsa ta kawo shayi ta fita. Na fara kame-kame, wai da sauran ukun sun riƙe da kyau...

Ya katse ni, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Yaya, tun da na ga takardar na gane. Da ka gaya mini tsoron ƙaton nan kake ji, ai da na rufa maka asiri, in ce ni ne ba zan buga ba."

Ya miƙo mini shayin da hagu, na karɓa.