Hannun Inna Bai Gane Fuskata Ba

A lokacin ni matar gida ce a Dogon Dutsi, mijina ma'aikaci, 'ya'yana uku, ba na rasa salla kuma ba na rasa foyandi, taron matan unguwarmu. A Matankari aka haife ni, ina ɗauke da zanen Arawa daga gefen baki zuwa kunne. Tun ina koleji ban taɓa jin kunyarsa ba, sai da hoto ya shigo waya. Duk hoton da muka ɗauka, sai wata ta ce cikin raha in juya, kada zanena ya tsage mata waya. Nakan yi dariya, amma abin yana cina.

Wata rana aka kawo mana baƙuwa mai allurar cika fata. Ta ce ruwa ne ake ɗurawa ƙarƙashin fata, ramin zane ya ciko ya shafe. Zuciyata ta raya mini cewa canza halitta ne, sai na lallashe ta da cewa ai wanzami ne ya canza, ni mayarwa kawai zan yi. Ban tambayi sunan ruwan ba. Ban ga kwalinsa ba, daga wata kwalba marar rubutu ta zuƙo shi ta ɗura mini, a kan tabarma, tana hira tana cin goro. Ko mijina ban shawarta ba.

Kumburin da ta ce zai faɗa bai faɗa ba. Ya dunƙule ya zama ƙulalai masu tauri, zanen ya karkace a kansu. Baƙuwa kuwa ta yi gaba. Mijina bai yi mini faɗa ba, ya dai kai ni Yamai. Likitan fata ya ce ruwan da masana ke amfani da shi jiki yana shanye shi a hankali, in ya ba da matsala ma akwai maganin narkar da shi. Nawa kuwa mai kama da mai ne, ba ya narkewa, fiɗa kuma za ta iya ƙara ɓata wurin. Ya ce in gode Allah da bai toshe jijiyar jini ba, don akan rasa ido ta haka.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina Inna ce. Idanunta sun daɗe da rufewa, da hannu take gane 'ya'yanta. In na je gida takan kama fuskata, ta bi zanen da yatsa har kunne, sannan ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kira na. Na yi ta jinkirta zuwa, har aka aiko jikinta ya tsananta. Na durƙusa gabanta na gaishe ta, ta miƙo hannu. Yatsunta suka hau kumatuna, suka tsaya, suka koma baya suna nema. Sai ta janye hannun, ta nemi tsarin Allah, ta ce muryar ta 'yarta ce, amma wannan fuskar ba ita ta haifa ba, a fitar mata da doguwa, aljanar da ta shigo da muryar 'yarta. Na yi kuka, na rantse, na tuna mata abubuwan da mu biyu kaɗai muka sani. Daga baya ta yarda ina ba ta fura, amma hannunta bai sake tashi zuwa fuskata ba har ta cika, kafin a yanke hatsi.

Yau duk alwalar da na yi, yatsuna sai sun tsaya inda nata suka tsaya. Ina neman gafarar Allah, ina yi mata addu'a. 'Yan'uwana mata, in har dole sai kun yi, ku je wurin likitan da ya karanci abin, ku ga kwalin a rufe, ku tambayi sunan ruwan da ko yana fita. Kada ku miƙa fuska a kan tabarma. Kuma kafin ku shafe wani abu, ku tuna wa ke gane ku da shi.