Mai Goge Talabijin

A wani reshe na babban kamfanin sayar da kayan lantarki, wanda ake rufewa yau, ina kallon wani dattijo mai furfura. Rigar aikinsa ta koɗe, amma ta sha guga. Yana bin akwatunan talabijin da aka jera, yana huci a gilashin kowanne kafin ya goge. Da alama bai san wata sana'a ba sai wannan.

Manaja, sa'an ɗansa, ya ƙaraso.

"Baba, ya isa haka. Kawo rigar, ta kamfani ce."

"Saura biyu, yallaɓai."

"Masu gwanjo sa goge."

Dattijon ya tuɓe, ya ninke, ya miƙa. Yana nan tsaye da singileti, yana duban biyun da bai kai gare su ba.