Takalman Baba Malam a Gindin Gawo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Isyaku, wanda ya koyar da zane a makarantun Dutse da kewaye har ya ajiye aiki. Ya rasu a irin wannan lokaci, an gama kaka, sanyi ya fara leƙowa da safe amma bai kai ga hana mutum wanka ba. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin akwai ɓarnar da na yi wa abin da ya bari, na ɓoye ta shekara biyu, kuma ɓoyon ya ishe ni.

Mahaifinmu, Baba Malam, malamin makarantar allo ne a unguwarmu. Ranar da aka kama Yaya Isyaku ya cika bangon zaure da zanen gawayi, duk gidan mun ɗauka bulala ce za ta yi magana. Baba Malam ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Isyaku, duk abin da ba shi da rai, zana. Mai rai kuwa, bar wa Mai shi." Yaya ya riƙe wannan sharaɗi har ƙarshen rayuwarsa. Ya je kwaleji ya koyo aiki da fentin mai da burushi, ya zana duwatsu da gonaki da fadamu ba adadi, amma ko tsuntsu bai taɓa sakawa a ciki ba. Shi kuma Baba Malam bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ya bar duniya ba mu da hotonsa ko guda.

Shekarar da ta biyo bayan rasuwar Baba Malam, da aka kwashe amfanin gona, Yaya ya fara fita da sassafe da yadi mai kauri ɗaure a katako. Sai da ya yi kusan wata yana zuwa gonarmu ta bayan gari. Da ya gama ya jingina zanen a tsakar gida ya kira mu. Gonar ce kamar yadda take a farkon sanyi: tushiyar dawa jere a kunyoyi, an jingina kara a gefe, harawa a kan reshe, kuka ta zubar da ganye tsaf. Daga baya ga duwatsun nan namu masu ruwan toka, da dabino biyu can nesa. Sama ma ba shuɗiya ba ce sosai, fari-fari ce. Koren da ke cikin zanen kusan kaf na gawon da ke bakin gonar ne, tunda shi sai sauran itatuwa sun tuɓe yake saka riga, kuma shi ma korensa a dakushe yake.

Ni kuwa tun ina yarinya ba a san ni da riƙe baki ba. Na ce, "Yaya, fentin ne ya ƙare maka? Wannan ai kamar an wanke shi an shanya a rana."

Ya yi dariya ya ce, "Sa'a, damina kowa ya iya ganinta. Ki je gona bayan girbi ki tsaya ki duba ƙasa da kyau, sannan ki dawo ki gaya mini ko launinta ɗaya ne." Sai ya kamo hannuna ya kai yatsana kusurwar ƙasa ta hagu, gindin gawon. Ga buzu a shimfiɗe, ga buta, ga takalman fata ƙafa biyu, duka ba su fi faɗin farcen babban yatsa ba. Na dama a zaune daidai, na hagu a kife. Haka Baba Malam yake yi: ba ya shiga cikin shuka da takalmi, ya ce ba ya taka abinci da abin da ya taka hanya, kuma na hagun kullum wurgar da shi yake yi saboda ciwon gwiwa. Yaya ya ce, "Ban karya sharaɗi ba. Gona ya shiga, yanzu zai fito."

Duk wanda ke tsakar gidan nan sai da ya share hawaye. Wannan kusurwa ita ce kaɗai hoton mahaifinmu da muke da shi a duniya.

Bayan Yaya ya rasu, matarsa, Yaya Binta, ta naɗe zanen a cikin zani ta kawo mini. Ta ce gonar ubanmu ce, ni ya fi dacewa in riƙe. Na rataye shi a falo, na kuma ji daɗin cewa ni aka ga ta cancanta.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga Dutse ta yau. Gonar dai babu ita, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ba wanda ya ƙwace mana, mu magada da kanmu muka sayar. An yanka ta fuloti-fuloti, an sare gawon, inda buzun Baba Malam yake yanzu katangar bulo ce. Dutsen da ke bayanta ana ta fasa shi ana lodawa a tifa. Ina jin wannan zai dame shi, amma ba zai ba shi mamaki ba, don ya sha cewa gari ba ya girma sai ya ci gona. Abin da nake ganin zai fi ɓata masa rai shi ne idonmu. Yanzu kowa da waya a hannu, kuma ba mai barin hoto yadda ya ɗauke shi. Sai an ƙara wa fuska haske, an ƙara wa ganye kore, an mai da sama shuɗiya shar. Na sha zagin yaran yanzu a kan wannan hali, alhali ni, tsohuwar malamar firamare mai furfura, na yi abin da ya fi nasu muni.

Ga yadda aka yi. Shekara biyu da suka wuce muna shirin taron suna a gidana, wata maƙwabciya ta shigo taya ni gyara. Ta ɗaga kai ta ce, "Hajiya, wannan hoton naki ya koɗe, ki sauke shi mana kafin baƙi su zo." Maganar ta sosa ni, wataƙila don irinta na taɓa faɗa wa Yaya. Zanen bai koɗe ba, yadda ya yi shi haka yake, kuma na sani. Amma na ƙi a ce kayan yayana ya tsufa. Sai na tuna yadda mahaifiyarmu take yi wa akushi da ƙwarya idan suka yi fari: ta ɗiga man gyaɗa a tsumma ta murza, nan take su yi sheƙi. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauko kwalba daga kicin na bi zanen nan lungu-lungu, kusurwar gawon ma na ninka mata, don ita na fi so a gani.

Ranar suna kam ya yi kyau, har yabawa aka yi. Bayan wata biyu ya fara danƙo. Hayaƙin girki da duk wani datti na ɗaki suka riƙa mannewa, ruwan toka ya koma rawaya, rawaya ta koma ruwan ƙasa mai duhu. Da hankalina ya tashi sai na ƙara wata wautar a kan ta farko: na sa ruwan ɗumi da sabulu na fara gogewa daga kusurwar. Da na ɗaga tsumman sai na ga fenti a jikinsa. Takalmin hagu, kifaffen, ya tafi. Na zauna a ƙasa riƙe da tsumman, ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba.

Duk wanda ya tambaya sai in ce shekaru ne. 'Yan'uwa suka yarda, suka ce ai komai na duniya haka yake. Kowace irin wannan magana sai ta ƙara mini nauyi.

Bana na kai zanen garin Kafin Hausa wurin Malam Nura, tsohon ɗalibin Yaya wanda shi ma yanzu zane yake koyarwa. Ya shinshina, ya kalle ni, ya kau da kai don kunya. Ya ce man ya bi ta tsagogin fentin ya jiƙa yadin, zai iya rage dattin sama amma duhun zai ci gaba a hankali. Sannan ya ce, "Hajiya, na san hannun Malam. In kin yarda zan mayar da takalmin, ba wanda zai gane."

Na kwana biyu ina juya wannan tayi, kuma Allah ya sani na so in karɓa. Da na karɓa da asirina ya rufu. A rana ta uku na ɗauki zanen na tafi gidan Yaya Binta. Idonta ya yi rauni sosai yanzu, sai ta kawo abu dab da fuska take gani. Ban kai ga buɗe baki ba ta miƙa hannu, yatsanta ya sauka daidai gindin gawon ba lalube.

Ta ce, "Na hagun ne ya tafi, ko?"

Na ce, "Shi ne, Yaya. Ni na yi."

Ta ce, "Na sani, Sa'a. Tun ranar suna na ji ƙanshin man gyaɗa. Ina jira ne ki faɗa da bakinki." Da na gaya mata tayin Malam Nura sai ta girgiza kai. "Isyaku ya ga Baba Malam yana wurgar da takalmin nan sau dubu kafin ya zana shi. Nura bai taɓa ganinsa ba. In ya zana, takalmi ne kawai."

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi.

To me ya rage na Yaya Isyaku? Ɗalibansa suna nan, wasu suna koyarwa. Sharaɗin da ya riƙe wa mahaifinsa bai karya ba ko sau ɗaya, kuma ya nemo hanyar da zai bar mana uba a cikin zane ba tare da ya saɓa masa ba. Akwai kuma abin da ya bar mini wanda ban karɓa ba sai da na makara. Makon jiya, a hanyar Miga, na sa direba ya tsaya a bakin wata gona da aka gama girbe. Na tsaya na duba ƙasa kamar yadda ya ce in yi shekaru da yawa da suka wuce. Inda aka cire gyaɗa daban, inda kara ya kwanta daban, inuwar kunya daban, inda raɓa ba ta gama bushewa ba daban. Ba abin da ya koɗe. Ni ce ban iya kallo ba.

Zanen yana nan a ɗakina, na sauke shi daga falo. Takalmin dama har yanzu ana ganinsa, amma jiya sai da na fito da shi tsakar gida hantsi ya haska shi sannan na same shi. Ni da Yaya Binta kaɗai muka rage cikin waɗanda suka ga Baba Malam yana ajiye takalman nan da idonsu, kuma dukanmu mun haura sittin.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Malam Isyaku da mahaifinmu a addu'a, Allah ya haskaka makwancinsu. Ni kuma a roƙa mini gafara. Yaya ya ce Baba Malam gona ya shiga, yanzu zai fito. Shekara biyu ke nan ba abin da nake tunani sai cewa in ya fito, takalmi ƙafa ɗaya zai tarar.