Farin ƙyallen da na zana a bakin randa

Duk abin da zan manta a aikin gwamnati, ban da ranar da aka kai zanena ƙauye a gwada shi. Zamanin farar hula ne, lokacin da aka fara tsuke bakin aljihu ana rage ma'aikata. Ni mai zane ne a Bodinga, mataki na huɗu, wato ɗan sama da masinja. An riga an raɗa min cewa sunana na cikin na sallama, sai fa idan hoton da aka sa ni yi kan kurkunu ya karɓu.

Na zana mace tana tace ruwan tafki cikin randa da farin ƙyalle, fari tas, don a ga tsabta. Ni dai na san ya yi kyau.

Sai wani sabon jami'i, Malam Sani, wanda ya fito daga jami'a, ya ce ba za a buga ba sai an yi bincike. Na ce binciken me, sata na yi? Ya ce a'a, za mu nuna wa mutane ne, bisa ƙa'ida uku: kada ka yi bayani, kada ka yi gardama, ka rubuta abin da aka faɗa ko da bai yi maka daɗi ba. Ban gane ba. Waɗanda ba su taɓa riƙe fensir ba su ne za su duba aikina?

Muka je wani ƙauye bayan garin Shagari, muka tarar da tsofaffin mata a bakin tafki. Malam Sani ya ɗaga hoton.

"Inna, mi kunka gani?"

Wata ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Allah shi jiƙan rai. Wa ya rasu?"

Na buɗe baki, Malam Sani ya taka min ƙafa.

"Ɗan nan, wanga ai alawayyo na," in ji ta. "Likkafani a bakin randa? Ko ƙishi za ya kashe ni ba ni shan ruwan ga."

Sauran suka gyaɗa kai. Na rubuta.

A hanya na tambaye shi, to na faɗi ke nan? Ya ce a'a, an ci nasara. Nan na ƙara rikicewa.

Na sake zanen da tsohon kallabi mai furanni. Muka koma, tsohuwar nan ta ce, "Yauwa, tatar ruwa taka yi." Aka buga, aka cire sunana daga na sallama. Rahoton kuwa Malam Sani ya ci ƙarin girma da shi, ko sunana babu. Na yi ritaya a mataki na shida.

Ku yaran yanzu, har yau ban san abin da suke nufi da bincike ba. Abin da na sani, kafin ka ce zanenka ya yi kyau, kai shi bakin tafki, ka rufe bakinka.