Mai Jarka a Zanen Lado

Duk direban da ya daɗe yana tsallaka iyakar Jibiya zuwa Maraɗi ya san rumfar Lado mai fenti, a bakin titin Magama, kusa da masu faci. Wurin wani Bamaraɗe ya koyi zanen bayan manyan motoci: zaki, mikiya, dabino. Sai dai shi zaki bai dame shi ba, soja ne ciwonsa. Direba zai ce a zana masa damisa, ya dawo ya tarar da ita a kusurwa kamar kyanwa, sojoji uku sun cinye sauran ƙyauren. A yi ta cacar baki, ƙarshe direban ya biya ya ja motarsa.

Ba ya zane da ka. Tsofaffin da suka je yaƙin Bama na zamanin Turawa da waɗanda suka yi na basasa, goro yake saye ya bi su har gida, ya yini yana tambaya: maɓalli nawa ne a rigar, a wace kafaɗa ake rataya bindiga, wa ya tsaya kusa da wa. Mutane suna yi masa dariya, wai sojan da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba. Shekara arba'in yana wannan aiki, ba wanda ya san sunansa gaba da Katsina.

Ɗansa na fari, Abbas, dako yake yi a bakin iyaka, kuma ya san hanyoyin daji kamar tsakar gidansu. Shekarar da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, sojoji suka nemi wanda zai nuna musu hanya a dajin bayan Riko. Abbas ya ɗauki jarkar ruwa ya shige gaba. Sojoji bakwai ba su dawo ba, shi ne na takwas. Ko gawarsa ba a samu ba.

Lado bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya sayi allo mai faɗin ƙofa biyu, ya bi waɗanda suka tsira da tambayoyinsa. Suka ce gani na ƙarshe da suka yi wa Abbas, yana durƙushe gindin kanya yana ba wani da aka harba ruwa. Haka ya zana shi, da singileti da silifas da jarka rawaya. Wata huɗu yana kan allon. Matarsa Salmatu, wadda a da yara take aikowa da abinci, ta koma kawowa da kanta. Ta ajiye kwano, ta zauna tana fuskantar gindin kanyar nan har la'asar.

Wani ya ɗauki hoton zanen a waya, ya bazu. Sai ga kwamiti daga birni, masu shirya taron tunawa da waɗanda suka rasu a fagen daga. Suna so su rataye shi a babban zaure, su kuma karrama mai zanen. Shugaban kwamitin ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da mukullin mota.

"Wannan mai silifas ɗin fa, wane ne?"

Lado mutumin da ne. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna shi a ce nawa ne, balle a gaban baƙi. Ya sunkuyar da kai.

"Wani ɗan dako ne, ranka shi daɗe."

"To, a cire shi. Zanen sojoji ne, kada ya zama tasha."

Abin takaicin, mutumin ba mugu ba ne. Da ya ji gaskiya, da hularsa zai cire. Kalma ɗaya ta rage, kunya ta hana Lado faɗinta, sai "to" ta fito. Da suka tafi ya dama toka-tokan fenti, ya rufe ɗansa da hayaƙin yaƙi. Ya naɗe allon da buhu kafin azahar, ya ce wa Salmatu don ƙura ne.

Ranar taro aka zaunar da shi da Salmatu a sahun gaba, yana sanye da sabuwar shadda. Aka yi ta jawabi, aka kira shi gwanin da ya adana tarihin mazan jiya. Aka yaye ƙyallen da ke rufe da allon, zaure ya ɗauki tafi. Salmatu ta miƙe, ta taka har gaban allon, ba wanda ya tare ta. Ta duba gindin kanyar, ta duba gefe da gefe, ta juyo.

"Malam, ina Abbas?"

Shekara talatin da biyu bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya taso ya matso kusa da ita.

"Waɗancan sun hana man gawa tai, na bar ma Allah," ta ce a hankali. "Wanga kuwa kai ka rufe shi da hannunka. Ko kirana ba ka yi ba in yi mashi bankwana."

Ta ɗora tafin hannunta a kan hayaƙin, ta bar shi a nan. A bayansu mai sanarwa yana ta kiran Malam Lado, karo na uku ke nan, ya hau ya karɓi lambar yabonsa.