Kifi Biyu a Benci Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya Hedimasta ya yi yana koyarwa a firamare, kuma har ya yi ritaya maganin faɗan yara ɗaya ya sani: duk biyun da suka dambace, sai ya haɗa su a benci ɗaya har ƙarshen zango. Yana ji da wannan dabara sai ka ce shi ya ƙirƙiro zaman lafiya. Baƙon da bai yi sa'a ba, kafin shayinsa ya huce ya ji labarinta sau biyu.

Da ya bar aiki zaman gida ya ishe shi, sai babbar 'yarsa ta sayo masa akwatin gilashi na kiwon kifi, aka ajiye a falo tsakanin taga da kabad ɗin littattafai. Kifi ɗaya ne a ciki, ja, mai doguwar jela da yake ja a hankali, shi ya sa aka raɗa masa Dattijo. Kullum da safe Hedimasta zai barbaɗa masa abinci da yatsu biyu, ya goge gilashin da tsohon dastan goge allo, ranar Asabar kuma ya canza ruwa. Matarsa takan ce da ita ake yi wa wannan hidima da ta ƙara ƙiba. Shekara uku suna haka, kuma gaskiya yana son kifin nan.

Sai surukinsa ya kawo masa tsarabar wani ƙaramin kifi mai zanen baƙi, mai rawar kai. Ya faɗa cikin ladabi cewa mai shagon ya ce irin wannan ba ya zama da mai doguwar jela, gara a nema masa nasa mazubin. Hedimasta ya yi dariya, ya ce ya daidaita waɗanda suka fi kifi taurin kai, ya juye shi ciki.

Kafin mako ya zagayo Mai Zane ya mallake akwatin. Ya bi Dattijo nan, ya bi shi can, ya cije jela, in an zuba abinci ya rigaye shi. Hedimasta ya sauya wa duwatsu wuri, ya ƙara ciyawar roba, ya riƙa zuba abinci a kusurwa biyu. Matarsa ta ce ya raba su tun kafin a yi asara, ya ce za su saba. Da korar ta lafa, Dattijo ya koma bayan bututun da ke hura iska a cikin ruwan ya lafe, sai Hedimasta ya kira ta ta zo ta ga sulhu. Ta leƙa, ta taɓe baki, ta koma kicin.

Rana ta goma sha biyu ya tarar da Dattijo a karkace, jela ta zama tsumma, abinci na wucewa ta gabansa ko kallo. A nan ya gane ba sulhu ba ne. Mayar da tsarabar suruki abin kunya ne, don haka ya yanke shawarar raba akwatin biyu. Ya taka zuwa shagon mai gilashi a bakin layi, wanda tsohon ɗalibinsa ne, yanzu har gemu ya fara furfura. Mutumin ya ajiye aikin da ke hannunsa, ya ɗauko magwaji ya biyo shi gida.

Yana durƙushe yana awo, Hedimasta ya tsaya a kansa yana kare kansa, yana cewa kifi ne ba shi da hankali, da yara ne da tuni an wuce wurin.

“Kai ma ai shaida ne,” ya ce. “Ba na haɗa ka da wancan ƙaton na aji huɗu ba, kuka saba?”

Mai gilashi ya rubuta awon a tafin hannunsa tukuna.

“Malam, ba mu saba ba,” ya ce a hankali. “Kullum sai ya matse ni a bango, ya cinye abin da na zo da shi. Na daina kawo ƙara ne da na ga ba za a raba mu ba.”

Ba da fushi ya faɗa ba, har da ɗan murmushi, kuma wannan ya fi yi wa Hedimasta ciwo. Kunya ta rufe shi. Da ƙyar ya roƙe shi ya yafe masa. Mai gilashi ya ce haba Malam, ai ya wuce, ya dai riƙe masa wannan gefen magwajin.

Da yamma aka zura gilashin a tsakiya, da ƙananan huji don ruwa ya riƙa ratsawa. Mai Zane ya bugi shingen sau uku ya haƙura. Hedimasta ya jawo kujera, ya barbaɗa abinci a ɓangaren Dattijo, ya zauna jira. Babu mai korarsa yanzu, amma sai da kifin ya kwana biyu kafin ya yarda ya fito daga bayan bututun.