Hannun da Ya Taɓa Tsinke Uku

An daɗe ana faɗa a unguwarmu cewa dokar taɓawa a wasan dara ba abar da za a sauya ba ce. Tsohon mai fataucin gishiri ya ce ya yi dara a Bilma, ya yi a Fachi, ko'ina haka take: ɗan da hannunka ya taɓa shi za ka tafiyar, ko da tafiyar ce za ta kashe ka. Maƙerin azurfa, wanda muka yi ƙuruciya tare, ya ce sai dai a sauya ta bayan an kai shi kushewa. Ni ma, da na shugabanci lakwal, wato makarantar boko, shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki, ina cikin masu wannan ra'ayi, domin a ganina tarbiyya ita ce mutum ya tsaya a kan abin da hannunsa ya aikata.

Bayan la'asar muke haɗuwa a inuwar katangar maƙerin, cikin tsohon garin Agadas. A tona ramuka a rairayi, ɗaya ya riƙe tsinkaye, ɗaya ƙwallayen dabino. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Tsinkaye nake riƙewa tun ina saurayi. Tun da maiɗakina ta rasu, ƴaƴa kuma suka watsu Arlit da Yamai, wannan inuwa ce kaɗai wurin da ake jiran isowata.

Sai hannuna na dama ya fara rawa. Da fari a kan kofin shayi na gane, na riƙa ajiye shi tun bai ƙare ba don kada a ji yana kaɗa faranti. Na je likita ba tare da na gaya wa kowa ba. Lokotoro ya ba ni ƙwayoyi, ya ce za su rage, ba za su tsayar ba. Na fito ina tuna wani dattijo da muka yi dara da shi a da, wanda ganinsa ya raunana. Ba wanda ya kore shi. An dai riƙa matsar da shi bayan tabarma yana kallo, har ya daina zuwa, kuma ba a cika tambayarsa ba. Tun daga ranar, duk lokacin da zan miƙa hannu, sai in tuna da shi. Na koma cusa hannun cikin riga, in fito da shi da sauri kamar mai tsince garwashi.

Wani tela, wanda ya taɓa zama ɗalibina, shi ya fara tayar da zancen. Wata rana ina zaune ya ce, yana kallon ƙasa: "Ni dai da za a ji tawa, da an bar mutum ya faɗi tafiyarsa da baki."

"Da baki?" in ji maƙerin. "To ai matan unguwa ma sai su zo su cinye mu."

Mai gishiri ya ce in dole ne, a yarda mutum ya nuna da kara. Maƙerin ya ce kara ma hannu ke riƙe shi. Telan ya ce to a yafe taɓawar farko, a kama ta biyu. Mai gishiri ya ce ya san mutanen da za su mayar da wannan sana'a. Suka yi ta ja har shayi ya huce. Ba wanda ya dube ni, kuma wannan ne ya fi tsorata ni, don na gane duk sun sani. In sun ƙi, kwanakina a wurin sun kusa ƙarewa. In sun yarda saboda tausayi, ba zan iya sake zama a gabansu ba.

"Mushe, kai da ka san doka, me ka ce?" maƙerin ya tambaye ni. Mushe, wato malam da Faransanci, suke kirana tun zamanin koyarwa.

Na ce doka tana nan yadda muka same ta. Muryata ba ta yi rawa ba.

Ba a jima ba muka kara da maƙerin. Wasa ya yi nisa, na ga tafiyar da za ta ba ni jeri. Na fito da hannu, sai ya ƙi ni. Ya kaɗe tsinke uku a lokaci guda, biyu suka kwanta a rairayi, ɗaya ya faɗa ramin da ba nasa ba. Na fara laluben takalmana da ƙafa.

Maƙerin ya daɗe yana duban tsinkayen. Sannan ya ce: "Wanne ya fara taɓawa?"

Mai gishiri ya ce bai gani ba. Telan ma haka.

"Doka ta ce ɗan da ka taɓa. Ba ta ce ƴaƴa ba. Ni ba zan bari ka tafiyar da uku ba, ba kuma zan bari ka gudu da wasana ba, don na kusa cinye ka." Ya tsayar da tsinkayen a ramukansu. "Faɗi da baki, ni zan ɗaga maka. Amma abin da ka faɗa ya faɗu. In ka ce au, ba ruwana."

Na faɗa, ya ɗaga, na ci ɗansa guda. Daga nan ya bi ni ba sassauci, ya tsince tsinkayena ɗaya bayan ɗaya, yana cewa: "Ashe duk shekarun nan hannun ne gwani, ba kan ba." Ban taɓa jin daɗin shan kashi irin na ranar ba, domin wanda ake tausaya wa ba a yi masa haka.

Har yanzu mai gishiri yana cewa an ɓata dara. Ni kuwa tsoro bai bar ni ba, don lokotoro ya ce ciwon yakan kai ga murya, kuma kowace safiya nakan karanta wani abu a bayyane in saurari kaina. Amma ina so a rubuta ranar da aka fara karɓar tafiya daga bakin ɗan wasa a inuwar nan: Alhamis ta farko bayan bikin Biyanu, a shekarar da na cika saba'in da bakwai.